Gonar Baba da ke cikin wayata

Barkanku da war haka, mai kula da wannan shafi da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, Zuru ba ta da girman da mutum zai ɓuya, ana karanta layi biyu za a ce ai wance ce. Ina kuma roƙo ku bari in kai ƙarshe kafin ku fara zagina, don duk zagin da za ku yi na riga na yi wa kaina, har da gyara.

Ni malamar firamare ce, kuma auta, ni kaɗai na rage a gida da Babanmu tun rasuwar Mama. Baba tsohon soja ne. Da ya yi ritaya sai ya koma noma a gonar da ya gada can hanyar Ribah, kuma ba noman wasa ba, dawarsa har maƙwabta ke ci. Da hanyar ta lalace da 'yan bindiga, ya zama mai zuwa gona sai ya yi bankwana da iyali kamar mai tafiya yaƙi, yayyena suka taru suka hana shi fita. Ya sayar da shanun nomansa kafin wasu su zo su kora, ya dawo ya kafa kujera a gindin mangwaron gidanmu. Mutumin da a da ba ya iya zama wuri ɗaya, sai ga shi ana kiransa ana sakewa kafin ya ɗago kai. Abinci ma sai na tsaya a kansa kamar ƙaramin yaro.

Abu ɗaya ne ke iya tayar masa da murya, shi ne saƙon banki. Da wayarsa ta yi ƙara ya ga an cire kuɗin kati, ko kuɗin saƙo, ko abin da suke kira kuɗin kula da asusu, sai unguwa ta ji. "Kula da mi? Ciyawa suka ba shi ko ruwa suka kai shi sha?" Ni dariya nake yi, don ko ba komai na ji muryarsa.

Wata rana na dawo daga makaranta ya kira ni. Ya ce, "Ke ɗiyata, zo nan. Kuɗin shanun nan ba su ƙara kwana banki. Na ji a rediyo ana sayen hannun jari ta waya. Ki nemo mani wurin da ba a yankar kuɗin mutum wata-wata. In na saya in biya, in na sayar in biya, wanga ciniki ne, na yarda. Amma kuɗina na kwance a riƙa gutsura, ban yarda ba." Na ce to, Baba, wannan ai mai sauƙi ne. Ku ji bakina fa, wai mai sauƙi. A gidanmu ni ce 'yar boko, ni ake kawo wa waya in ta ƙi buɗewa, ta yaya zan ce ban san kan abin ba? Washegari ya sa na raka shi banki, aka juye kuɗin duka cikin asusuna.

Na shiga nema. Jama'a, ashe kalmar "kyauta" iri-iri ce. Wannan manhaja ta ce buɗe asusu kyauta ne, ka gangara can ƙasa cikin ƙananan rubutu sai ka ga akwai kuɗin shekara. Waccan ta ce babu cajin wata, amma in ka daɗe ba ka saya ba ka sayar ba za su caje ka kuɗin zaman banza. Wata sai ranar cire kuɗi take jiran ka. Wata komai da dala take lissafi, ni da ko dalar ban taɓa riƙewa ba. Wata kuma ta ce in kawo mutane a ba ni lada, ina ganin haka na rufe, don irinta ce ta gudu da kuɗin malamai a makarantarmu, har yau akwai wadda mijinta bai sani ba. Gaskiya na samu guda biyu da suka yi kama da abin da Baba ya ce, kamasho kawai lokacin saye da sayarwa. Na cike bayanai, na ɗauki hoton fuskata, na kai har wurin da za a tura kuɗi. Sai yatsana ya ƙi. Shanun nan nake gani, da yadda Baba ya juya baya ranar da aka ɗora su a mota. In wannan ma ta gudu fa? Wa zan kama? Ina ofishinsu a Zuru? Sai in ce bari gobe in ƙara bincike, gobe ta zo in ce jibi.

Cikin wannan neman na ci karo da wata manhaja mai asusun gwaji, wato su ba ka kuɗin wasa ka riƙa saye da sayarwa da farashin kasuwa na gaskiya don ka koya. Na ce yauwa, bari in koya tukuna. Na saita kuɗin wasan daidai da na Baba, na sayi hannun jarin kamfanin siminti da na sukari da wani banki. Ina zaune a tsakar gida da yamma ina dubawa, ban san Baba na bayana ba, sai na ji ya ce, "Wanga kore-koren fa?" Na ce riba ce. Ya ce, "Tawa?" Wallahi na buɗe baki in ce gwaji ne. Amma na ɗago na ga fuskarsa, irin fuskar da yake yi in dawa ta fitar da kai, rabon da in gan ta har na manta. Sai na ji kaina ina cewa, "E, Baba, taka ce."

Kalma huɗu ke nan, su suka kawo ni wannan shafi. Daga ranar Baba ya sa wa abin suna gona. Kullum da yamma in na dawo zai jawo kujera ya ce, "Buɗe mani gonata." Na koya masa kore hawa ne, ja sauka. In ya ga ja sai ya ce ai ko damina tana da fari, a bar shi. Ya fara tambayar masu shago farashin buhun siminti, ya dawo ya ce in ƙara na simintin tunda kowa gini yake yi. In danna, kuɗin wasa su tafi, shi kuma ya gyara zama kamar wanda ya gama huɗa. Ya koma cin abinci da kansa, ya koma zuwa taron tsofaffin sojoji, har yayana da ke aiki a Borno ya bugo ya ce, "Auta, wane magani kike ba tsohon nan?" Me zan ce masa? In ce ƙarya nake dama masa safe da yamma? Kuma abin takaicin, kasuwar ta hau. Da ta faɗi da na ce Baba ka ga Allah ya tsare, ban sa kuɗin ba, da na zama jaruma. Sai ta yi ta hawa kamar da gayya.

Kuɗin gaskiya kuwa suna nan, ban ci ko kwabo ba, Allah shaida ne. Suna kwance a asusuna, bankin na gutsurarsu wata-wata, abin da Baba ya tsana ke nan, ni kuma ina cikewa daga albashina. Amma cikon me? Na tambayi wani mai kai dabbobi kasuwa, ya ce kuɗin da aka sayar da shanu biyu a lokacin yanzu da ƙyar su sayi ɗaya da ɗan maraƙi. In na buɗe asusu na gaske yau, farashin ya riga ya wuce, ba zan taɓa kamo abin da Baba ke gani a waya ba. Tsorona na kada in yi masa asara shi ya yi masa asarar.

Na gwada faɗa masa, kada ku ce ban gwada ba. Na durƙusa na ce, "Baba, akwai magana game da asusun nan." Nan take ya miƙe zaune, idonsa ya koma na soja, ya ce, "Sun fara cire kuɗi ko?" Na ce a'a, ba su taɓa cire ko kwabo ba. Ya yi dariya ya buga cinya ya ce, "Ka ji mutanen kirki! To mi ne ne?" Na ce ba komai. Kun ga inda abin ya fi ci mani rai, duk neman da na yi, asusu ɗaya tak na samu da ba ya cajin komai, shi ne na ƙarya.

Yanzu ga inda ruwa ya ƙare mani. Lahadi mai zuwa ce godiyar kaka a cocinmu, ranar da kowa ke kawo abin da ya noma gaban bagade, masu dawa su kawo dami, masu wake su kawo kwano. Tun da Baba ya bar gona ba ya zuwa wannan rana, sai ya ce ƙafarsa na ciwo, ni kuwa na san kunyar shiga hannu wofi ce. To bana ya je da ƙafarsa ya sami Fasto, ya ce a sa sunansa cikin masu ba da shaida. Ya dawo ya ce mani, "Ki girbe ribar nan duka. A fidda zakkar Ubangiji, saura a raba wa yayyenki, su san tsoho bai mutu ba." Na ce cire kuɗi na ɗaukar kwanaki. Ya ce shi ya sa ya faɗa da wuri.

Na juya abin ta kowace fuska. In na ci bashi na ba shi a matsayin riba, na ɗauki ƙaryata na kai ta har cikin ɗakin Allah ta hannun ubana, kuma bashin ya fi ƙarfin albashina. In na ce manhajar ta gudu da kuɗi, na ƙara ƙarya kan ƙarya, shi kuma zai ɗora wa kansa laifi tunda shi ya kawo shawarar. In na faɗi gaskiya, ba kuɗin ne za su kashe shi ba, na san Baba, ya ga abin da ya fi haka. Abin da ba zai iya ɗauka ba shi ne duk yammacin nan da ya yi yana ba da umarni, yana lissafi, yana ji ya koma mutum, ashe wasan yara nake yi da shi. Ya kuma riga ya gaya wa abokansa, wasu har sun ce in buɗe masu irin nasa.

Masu sani a cikinku, don Allah ku gaya mani yadda ake gane asusun hannun jari mai rajista na gaskiya, wanda ba ya cajin wata, ko yanzu in sa abin da ya rage. Amma wannan ƙaramar tambayar ce. Ɗazu tela ya kawo masa sabuwar riga, ya sa, ya tsaya a tsakar gida yana gwada abin da zai faɗa a coci, da Hausa sannan da yarenmu don tsofaffi su ji. Ya ce in tsaya in saurara ko akwai gyara. Da ya zo ƙarshe sai ya nuna ni da hannu ya ce, "A nan zan kira sunanki, ki taso ki tsaya kusa da ni, kowa ya ga ɗiyar da Allah ya ba ni." Na ce masa babu gyara, na shige ɗaki.

Jama'a, Lahadi na zuwa, kuma sunana zai kira. Ni me zan yi?