Na daka wa Baba firiton a cikin koko

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana tara ke nan ban da sukuni, na gaji.

Babana ɗan acaɓa ne, shekara ashirin yana yi, ko akuya bai taɓa bugewa ba. Yana da borin jini, in ya taso mashi sai duk jikinshi ya yi rudu-rudu, ya yi ta susa har ya fidda jini. Amma ba ya shan maganin asibiti, sai jiƙo. Ranar Talata da safe na ga yana goga bayanshi da bango kamar ƙaramin yaro, tausayi ya kama ni, na ɗauko firiton, maganin ƙaiƙayi, guda biyu na daka, na zuba mashi a koko bai sani ba. Ni ma maganin nake sha, kuma ina yin barci in na sha, amma wallahi na ɗauka don ina zaune gida ne.

Wajen sha ɗaya aka kira mu. Gyangyaɗi ya ɗauke shi a kan mashin kusa da Ƙofar Ƙaura, ya faɗi da wata mata da ya ɗauko, ta karye a hannu, shi kuma ya ƙuje a fuska da gwiwa. A asibiti nas ta tambaye shi ko ya sha wani magani, ya rantse da Allah bai sha komai ba. Ina tsaye a bayanshi riƙe da takalmanshi.

Yanzu a unguwa ana cewa ƙwaya yake sha. Shugaban ƙungiyarsu ya ce kar ya sake hawa mashin sai an bincika. Mutumin da ba ya wuce sahun farko, yanzu a ɗaki yake salla saboda kunya. Jiya ya ce mani wataƙila wata cuta ce ta kama mashi ƙwaƙwalwa, in riƙa sa shi a addu'a, don ni kaɗai ce ban canza mashi fuska ba.

In na faɗa, sunanshi zai wanku, amma ban san da wane ido zai sake kallona ba, ga dangin matar nan har yanzu suna huci. Jibi Asabar ƙungiya za ta zauna a kanshi. Shi zan fara samu, ko in bi ta wajen Mama? Kuma ta ina zan fara? Har yau ni ke dama mashi koko, yana karɓa ya ce Allah ya yi mani albarka.