Shuɗiyar Rigar da Ke Cikin Hoton

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ya aiki? Mu nan da sauƙi dai za a ce.

Kar ki yi mamakin ganin takarda a hannun direba. Ke kika ce wayarki ta ofis ce, ana bin duk abin da ya shiga. Ni kuma nan Mama ta dasa kujerarta gefen keken ɗinkina tun safe har yamma, ko tari na yi sai ta ce da wa nake magana.

Yau kwana huɗu Wushirya bai dawo gida ba, tun ranar Talata da gobara ta tashi a kamfanin katifa na ogan naku, inda yake aiki. Wayarsa a kashe. Sau uku ina zuwa ƙofar kamfanin. Masu gadi suka ce ba wanda ya mutu, 'yan katifu ne suka ƙone, ma'aikata kuma an rarraba su wasu rassa. Na ce to wane reshe aka kai ƙanina? Suka ce in matsa, na tare hanya. Matan da na tarar a wurin sun fi goma, kowace da tambaya irin tawa.

Abin da ya hana Mama zaucewa hoton nan ne. Ranar Talatar da yamma maƙwabciyarmu ta faɗo gidan da waya a hannu: ga ɗan'uwanki a shafin Oga na intanet, Oga ya dafa masa kafaɗa, shi kuwa ya washe baki, wushiryar nan duk a waje. A ƙasa an rubuta, "Yau tare da jaruman ma'aikatana." Sau uku Mama ta sa aka karanta mata. Ta ce alhamdu lillahi, tunda yau ne, shiriritarsa ce kawai da ya saba.

Ke ce mai sa hotuna a shafin nan. To ki faɗa min inda aka ɗauke shi. In kin gan shi kuma ki ja masa kunne, ki ce in ya dawo zai gane kurensa. Ƙato da shi, ya bar tsohuwa tana leƙen ƙofa.

Ki gaida abokan aiki. Allah Ya tsare.

Yayarki.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Ina gaishe ki, ina gaida Mama. Lafiyata ƙalau, ina ci, ina barci, ban san ta yaya ba.

Ki zauna kafin ki ci gaba.

A kwamfutar ofishinmu akwai wani fayil da muke kira rumbu. Sau biyu a shekara ana ware rana guda, Oga ya zo da akwati, ya sauya riga bakwai ko takwas, a yi ta ɗaukarsa: yana shafa kan marayu, yana dasa itace, yana cin abinci kwano ɗaya da leburori. Kafin a ɗauka sai an cire agogo daga hannun kowa, an sauke kalanda daga bango, don kada hoto ya tona ranarsa. Sai a zuba su a rumbu. Ba a taɓa su sai ranar da wani labari mara daɗi zai fito. Ranar sai Madam, shugabar sashenmu, ta leƙo ta ce, "A buɗe rumbu." Ba ta faɗin abin da ya faru, mu ma ba ma tambaya.

Ranar Talata da azahar ta leƙo. Ta ce na ma'aikata take so, mai dariya a ciki. Wata takwas Yaya Wushirya yana damuna: "Auta, yaushe za ki sa hotona duniya ta san da ni?" Na ce yau dai bari in faranta masa. Ni na zaɓa. Ni na rubuta "Yau". Har saƙo na tura masa cewa ya duba shafin, ya zama ɗan gayu. Saƙon bai shiga ba. Sai bayan la'asar na ji wane kamfani ne ya ƙone.

Ki dubi rigar da ke jikinsa. Shuɗiyar nan ce mai aljihu biyu da kika ɗinka masa, wadda ƙusa ta yage wa baya tun tuni.

Ranar Laraba aka fara raɗe-raɗin cewa an kulle ƙofar ɗakin ajiya ta waje, wai don hana satar soso, alhali da mutane a ciki. Nan take Madam ta ce in sa tambaya a shafin: Oga ya aske gemu ko ya bar shi? Na sa. Mutum dubu ɗari huɗu suka zaɓa. Har a rediyo an yi muhawara a kai. Duk wanda ya ɗauko maganar ƙofa sai a yi masa ca, a ce mahassadi ne.

Ban yi kuka ba. Ina ta jira ya zo, shiru.

Ki je asibitin da ke bayan kamfanin, ki bi ta ƙofar baya, ki nemi mai kula da ɗakin ajiye gawa. Na ga takardar sunaye da ya aiko ofishinmu, a kife a teburin Madam. Ban iya juya ta ba. Kar ki je da Mama.

Ki yafe min.

Ƙanwarki.

*

Auta,

Salam. Ina gaishe ki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na je. Su goma sha ɗaya ne. Da haƙoransa na gane shi.

Da na dawo na fi rabin awa tsaye a bakin ƙofa ina shirya yadda zan fara. Na shiga na tarar da Mama da wayar maƙwabciya a hannu, kullum sai ta aro ta. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Kin same shi?" Na ce, Mama, hoton nan... Ta ce, "Na san rigar. Tun ranar farko na san ta."

Sai ta miƙa hannu baya ta jawo matashin da take jingina da shi. Auta, ni da hannuna na yanka rigar nan wata biyar da suka wuce na yi wa matashin riga, aljihu ɗaya ma yana nan a gefe. Ni tela, ni na ɗinka, ni na yanka, amma na yi kwana huɗu ina kallon hoton ban gani ba. Na ce, to Mama me ya sa kika yi shiru? Ta ce, "Na ce tunda Auta ce ta rubuta, bari in yarda da ita kwana biyu."

Kawu ya zo da mota, jiya da hantsi aka kai Wushirya makwancinsa. Ko hantsin bai gama ɗagawa ba sai ga mutum biyu daga kamfani da buhun shinkafa da takarda, wai mu sa hannu cewa rashin lafiya ya yi a gida. Mama ta ce su ɗauki buhunsu tun bai sha ƙura ba.

Ga saƙonta gare ki. Ba ta ce ki bar aiki ba, ba ta ce ki zagi kowa ba. Ta ce ki cire "Yau" ɗin nan, ki sa sunansa na gaskiya, don duk karatun da aka yi mata ba ta ji an ambaci sunan ɗanta ba.

Ni kuwa na so in ji haushinki, wallahi na nema, ya ƙi zuwa. Ina ta ɗinki ne kawai, sau biyu ina haɗa hannun riga a juye. In ba za ki iya ba ki faɗa min, in san abin da zan gaya mata.

Allah Ya jiƙansa, Ya ba mu haƙuri.

Yayarki.

*

Yaya,

Salam. Ina gaishe ku, ya haƙurinmu?

Yau da safe Madam ta fita wurin ɗaukar bidiyon askin gemun Oga. Na juya takardar sunayen nan. Na buɗe hoton, na goge "Yau". Na rubuta sunansa cikakke, da na sauran goman, da ranar da aka ɗauki hoton, da ranar da aka kulle ƙofa. Minti tara ya yi kafin su sauke shi. Mutum ɗari biyu da 'yan kai suka gani. Da azahar aka saki bidiyon askin, kafin in gama tattara kayana masu kallo sun haura miliyan.

Masu gadi sun karɓe wayar da katin shiga. Amma kafin nan na buga hoton da rubutun a takarda da injin ofis, ga shi a ninke cikin wannan. Ki karanta wa Mama a hankali, sau ukun da ta saba.

Direba ya ce akwai kujera jibi. Ki ajiye min matashin, ina jin a kansa kukan zai zo.

Ƙanwarki.