Jan Furen Hezal ɗin Baba

Marietta, 19 ga Oktoba

Yaya Loretta,

Gaisuwa mai yawa, ya yara? Albishirinki: itacen hezal ɗin da marigayi Baba ya dasa ya yi fure, ruwan ɗorawa fal. Ni na yi masa aski a watan Yuni. Ke da kike cewa ban iya komai ba! Mama na asibiti har yanzu, ba ta da zance sai na ganin furensa.

Ƙaninki,
Wendell

Duluth, 24 ga Oktoba

Wendell,

Muna lafiya, amma wasiƙarka ta tayar mini da hankali. Furen Baba ja ne, kuma sai Fabrairu yake fitowa, cikin ƙanƙara. Itacen ɗan aure ne, Baba ya ɗaura shi a kan saiwar na daji. Na dajin ne ke fure yanzu. Me ka sare? Je ka dubi kumburin da ke gindinsa, abin da ya fito samansa kaɗai ne na Baba. Kada Mama ta ji.

Ka gaishe ta,
Loretta

29 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaisuwa, kunya kamar ta kashe ni. Tsofaffin rassa karkatattu na bi da zarto, na bar miƙaƙƙun, don sun fi kyan gani. Saura reshe ɗaya tak a saman kumburin, bai kai kaurin yatsa ba. Likita ya ce da wuya Mama ta ga bazara. In sayo wani in dasa?

Wendell

3 ga Nuwamba

Wendell,

Sannu. Shekara arba'in tana kallonsa ta tagar kicin, ita za ka yi wa wayo? Sare rassan na dajin kaf, ka kewaye itacen da waya saboda barewa. Reshen nan kuwa, ko kallon banza kada ka yi masa. In ya tafi, na Baba ya tafi har abada. In ya yi fure, ka ɗauko Mama ta gani.

Yayarka

11 ga Fabrairu

Yaya,

Gaisuwa. Reshen ya buɗe jiya, fure biyar, jawur. Likita ya ce ko zama Mama ba za ta iya ba, balle mota. Na daɗe tsaye da almakashi, sannan na yanke shi, na kai mata asibiti.

Ta shinshina, ta ce, "Kai, bana ya makara." Yana hannunta har yanzu, ta hana a sa shi a ruwa.

Ki yi mini faɗan in kin zo. Amma ki taho yau.

Wendell