Gyaɗa Goma a Gwangwani

Madarumfa, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Aminatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da su Salim. Ya hayaniyar Ɗan Issa?

Jarrabawar lissafin ƙididdiga saura kwana goma, kuma kin san Baba ya ce in na faɗi sai ƙauyen Gabi, in rungumi hauya. Babin da ya tsaya mini a wuya shi ne na jeri da zaɓi: hanya nawa za a jera mutane, hanya nawa za a zaɓi wasu cikinsu. Mushenmu, malamin lissafi, ya ce masu taurin kai irinmu mu gwada a aikace. Kowane mutum biyu su gaisa, a jefa gyaɗa guda a gwangwani.

Jiya bayan la'asar muka gwada a gindin itacen bedin bayan makaranta, ni da Ɗelu da Binta da Hafsatu. Mutum huɗu, gaisuwa shida ke nan. Da muka juye gwangwanin sai ga gyaɗa goma. Na so in ɗora wa Ɗelu, amma ita in ta taɓa gyaɗa raguwa take yi. Sau uku muna sakewa, goma dai, kuma huɗu a ciki jiƙe suke sharkaf.

Yaya, goma lissafin mutum biyar ne. Babu wadda ta ambaci sunan ƙawarmu Zulai, amma kowa ta goge tafinta a hijabi.

Ƙanwarki,
Nusaiba

Ranar Alhamis

Yaya Aminatu,

Sallama da fatan alheri. Ya jikin Salim? Saƙonki ya iso, ina kuma yin addu'o'in da kika ce.

Abin bai daina ba. Binta ta ce ba ta sake zuwa, littafin lissafin kuwa nata ne. Mushe ya koya mana cewa zaɓen huɗu cikin biyar daidai yake da zaɓen wadda za a bari. Tun da ya faɗa, in na ɗauki biro sai in ajiye.

Akwai abin da na ɓoye miki. Ranar da gulbi ya kawo a daminar bara, muna dawowa daga biki, mai jirgi ya ce gurbin mutum huɗu ya rage, mu kuwa biyar ne. Ni ce na ce Zulai ta jira zuwa na biyu, don ranar muna 'yar gaba a kan kayenta, littafin da take rubuta lissafi, da ta hana ni. Hadari ya taso, ta gaji da jira, ta shiga ruwa da ƙafa, ruwa ya cinye ta. Innarta har yau tana zaton Zulai ce ta zaɓi tsayawa, kuma kullum sai ta sa mini albarka a hanya. Kunya da tsoro sun hana ni sakat.

Taki,
Nusaiba

Ranar Talata

Yayata,

Ina gaisuwa, Allah ya sa kuna lafiya.

Na je wurin Innar Zulai da hantsi, na faɗa mata komai. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba sai da ta gama. Sannan ta ce, "Ke kika yi magana, Allah ya yi hukunci. Na yafe. Je ki yi karatunki." Amma ba ta sa mini albarka ba, ban kuma ga laifinta ba.

Da yamma na lallaso Binta muka koma gindin bedi. Muka gaisa, muka juye gwangwani: shida, busassu ƙayau. Su Ɗelu har da guɗa. Muka bi babin tun daga farko, tambaya goma sha biyu na ci sha ɗaya.

Gobe jarrabawa, kuma ina jin zan ci. Sai dai da suka tafi na zauna ni kaɗai, na miƙa hannu na daɗe, har aka kira magariba. Ba wanda ya kama, Yaya. A duk kwanakin nan da Zulai take zuwa, tsoro ya hana ni in riƙe hannunta in ce ta yafe mini.

Ki sa ni a addu'a, ki sa ta.

Ƙanwarki,
Nusaiba