Wutsiyar Kaset ɗin Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba Mai Kaset,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya da uba, ina fatan kabari ya yi maka faɗi.

Baba, waƙarka ta faɗa hannun ɓarayin daji. Waƙar noman nan da ka ɗauka a wata gona a Kwatarkwashi, mai kirarin mazaje, ita suke ɗorawa a bidiyonsu suna ɗaga bindiga. Kuma muryarka ce farko, kana cewa, "Bismillah, a saki kalangu." A unguwarmu Damba yanzu idan na wuce, sai in ji ana "ga ɗiyar mai waƙar ɓarayi." Yaya Sani ya rantse ranar Juma'a zai ƙone kaset ɗinka duka.

Abin dariya, kai ko amshi ba ka iya ba. Inna takan ce muryarka sai korar tsuntsaye a gonar gero. Da ɗaukar ganga ka fara bin su Kawu Labbo mai garaya, zamanin da suke tara gashi, suna jona garaya da lasifika da batirin mota, dattawan Bungudu na kiransu 'yan iskan gari. Da aka ga kai kaɗai ke iya lallashin mai unguwa ya bar su su yi wasa, sai ka zama manaja. Tsafe, Bungudu, duk inda aka kore su, kai ke komawa da hula a hannu.

Daga baya ka buɗe shagon ɗaukar waƙa a Gusau, ka lulluɓe bango da kwalin ƙwai. Makaɗa na jin haushinka, don in sun gama ba ka kashe na'ura. Kakan ce, "Ku bari shi ci. Waƙa ba ta ƙarewa inda mawaƙi yay yi kurum." Wannan ragowar kake kira wutsiya.

Jiya na saka kaset ɗin Kwatarkwashi, na bar shi ya ci. Bayan kiɗa ya mutu, na ji ƙarar garma, na ji saniya, na ji Jauro Bello, Bafulatanin da ke kawo mana nono, yana tsokanar manoma wai kunyar da suke ja da garma ta karkace, suna ce masa ya zo ya gyara in ya isa. Kowa na dariya. Can kuma sai Inna, da muryar ƙuruciya, tana cewa fura ta iso.

Baba, na yi kuka. Gonar nan ta zama daji, ba mai iya zuwa. Jauro Bello ban san inda yake ba, ban ma san ko yana raye ba. Masu bidiyo sun yanke wutsiyar, sun bar kirari.

Ba na ganin laifin Yaya. Ɗansa aka jefa da dutse a makaranta. Amma in ya ƙone su, guntun da ɓarayi suka ɗauka shi kaɗai zai rage a duniya da muryarka a kai. Na roƙe shi ya zauna ya saurara har ƙarshe kafin ya ƙyasta ashana. Ya ce zai zo, bai ce zai fasa ba.

Allah Ya jiƙanka da Inna, Ya wanke sunanka, Ya mayar da manoma gonakinsu. Allah Ya ba Yaya haƙurin jiran wutsiya.

Ɗiyarka da ke juya maka kaset da biro,
Hadiza