Sunan da Riskuwa Ba Ta Faɗa Ba

Unguwar Nasarawa,
Birnin Kebbi, Jihar Sakkwato.
9 ga Oktoba, 1987.

Zuwa ga yayana Arzika, a Baga.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan sana'arka na bakin tafki. Allah ya tsare ku daga sharrin ruwa da na tudu, ya sa albarka a abin da kuke kamawa. Mu a nan mun gode Allah. Damina ta yi kyau, shinkafar fadama ta fara nuna. Inna Uwa tana nan da ciwon gwiwarta, bakinta kuwa lafiyarsa lau, ba wanda ya tsira daga gare shi. Na ba Malam Tamba mai motar bandar kifi takardar nan hannu da hannu. Wanda zai karanta maka ita, ina roƙonsa don Allah kada ya tsallake komai, ko da ya ga ranka ya ɓaci.

Yaya, maganar Abdussamadu ce. Na san ba ka son a ambaci ɗan farinka gatsau a gabanka, to ka yi haƙuri, yau ba ranar kunya ba ce. Kwanansa goma sha ɗaya ke nan a asibiti nan Birnin Kebbi, kuma jikin ba daɗi. Zan faɗa maka yadda abin ya faro tun daga tushe, don akwai hannuna a ciki, gara ka ji daga bakina.

Bara da bazara, bayan tafiyarka da kamar wata biyu, wasu masu bincike suka zo daga jami'a, likita ɗaya da ɗalibansa. Da yake ni duba-gari ne, ofis ya haɗa ni da su in yi masu jagora a nan da Ambursa. Gida gida suke shiga suna tambaya: ina ake ɗebo ruwan sha, ina mata ke wanki, ina yara ke wanka, akwai masai a gidan ko jeji ake zuwa, 'ya'ya nawa aka haifa, nawa suka rasu. In sun rubuta sunayen mutanen gida, sai su ba kowa 'yar kwalba ya yi fitsari a ciki. Nan da nan gari ya raɗa masu suna masu kwalba. Wasu suka ce haraji ne zai dawo ta bayan gida, wasu suka ce wa ya san abin da za a haɗa da fitsarin mutum. Na sha zagi a kansu har na ƙoshi.

Abin da suke nema shi ne tsargiya, fitsarin jinin nan da ni da kai duk muka yi muna yara, har manya na tsokanarmu wai mun zama maza. Na karanta labarinta lokacin da ake horar da mu aiki, amma ban yarda da ita har zuciya ba sai ranar da likitan ya ce in sa ido a madubinsa mai ƙara girman abu. Na ga ƙwai da idona, kowanne da 'yar ƙaya a gindinsa. Ya ce tsutsa ce da ke fitowa daga dodon koɗin da ke cikin ruwa mai kwanciya, ta huda fatar mutum yana wanka ko yana kamun kifi, ta zauna a jikinsa shekaru tana zuba ƙwai. Wani jinin ya tsaya masa ya ɗauka ya warke, alhali ɓarna na ci gaba daga ciki. Ya ce ba wanda ya fi masunta da manoman fadama shiga haɗarinta, wato mu ke nan gaba ɗaya.

Ranar da suka je garinmu Argungu ban bi su ba, wani abokin aikina ne ya raka su. Wadda ta shiga cikin gidanmu wata ɗaliba ce 'yar birni, Hausa a bakinta tsaf, amma ba ta san halinmu ba. Ta tambayi matarka Riskuwa 'ya'yanta nawa. Riskuwa ta ce huɗu, ta lissafa Baiwa, Sadatu, Ummaru da Hajaratu. Yarinyar ta sake tambaya ko akwai saura. Riskuwa ta sunkuyar da kai, ta rufe baki da gefen mayafi, ta ce su ke nan. Abdussamadu yana gulbi da homarsa ta kamun kifi tun da safe. Inna na zaune a wurin tana jin komai, bayan baƙin sun fita har yaba mata ta yi, ta ce haka ɗiyar mutunci take yi, ba irin matan yanzu masu kiran ɗan fari da baki buɗe kamar suna kiran akuya ba. Ɗalibar ta rubuta huɗu, ta ajiye kwalba huɗu ta yara.

Ga nawa laifin. Bayan mako ɗaya littafin ya zo hannuna, na buɗe shafin gidanmu na ga huɗu. Wallahi dariya na yi, Yaya. Na gane abin da ya faru nan take, har na ba abokan aiki labari muka yi ta raha. Na ce ba komai, ranar Juma'a zan je gida in kai masa kwalba da kaina in sa a ƙara sunansa. Juma'a ta zo aka tura mu duba mahauta, ta gaba kuma na ce sai wata. Gaskiyar magana, a raina na ɗauka saurayin da ke saɓa giwan ruwa shi kaɗai daga gulbi zuwa kasuwa ba 'yar tsutsa ce za ta kayar da shi ba. Masu binciken suka tattara suka tafi.

Bayan wata uku suka dawo da magani. Fiye da rabin yaran unguwarmu ta bakin gulbi an same su da cutar. A ƙofar mai unguwa aka zauna, ana kiran suna, a ɗora mutum a sikeli, a ba shi ƙwayoyi daidai nauyinsa ya haɗiye a gabansu. Iya sunayen da ke littafi aka kawo wa. Ummaru da Sadatu sun samu, kafin wata ya ƙare fitsarinsu ya washe. Riskuwa tana tsaye aka gama kira, ta san sarai akwai wanda ya fi su buƙata, don ita ke wanke masa wando. Amma ta yaya za ta buɗe baki a gaban jama'a ta roƙa wa ɗan fari? Ta ja yaranta ta koma gida. Shi kuma da ya ji, cewa ya yi wannan ai sha'anin yara ne.

Da faɗuwar daminar bana fuskarsa ta fara kumbura da safe, sai ƙafafu, sai fitsarin ya ragu, sai amai. A gida aka ce mutanen ruwa ne suka taɓa shi, aka yi wata biyu ana turare da jiƙo. Ba wanda ya aiko mini sai da ya kasa tashi, mijin Baiwa ya ɗauko shi a mota. Likitan nan ya ce ƙodarsa duka biyu sun lalace, ƙwan tsutsar ne ya toshe hanyar fitsari shekara da shekaru har ruwa ya koma ya danne su. Na tambaye shi ba kwana-kwana ko da ya sha maganin bara da ya tsira. Ya ce ba zai rantse ba, don ɓarnar ta daɗe, amma da an duba fitsarinsa a lokacin da an gane ana buƙatar kawo shi asibiti, kuma shekara ɗaya da rabi ba ƙaramin lokaci ba ne ga ƙoda. Ya ce yanzu abin da ya rage a hannunsu kaɗan ne, kuma mu yi lissafin makonni, kada mu yi na watanni. Rai na Allah ne, amma ba zan ɓoye maka abin da aka faɗa mini ba.

Na rubuta wa likitan jami'ar na gaya masa komai. Ya amsa cewa abin ya ɗaure masu kai tun can, don sun lura gidaje da yawa kamar ba a haihuwar fari a cikinsu. Za su dawo bayan girbi. Ni kuwa ban jira su ba, na bi unguwarmu da kaina, ba uwa nake tambaya ba, maƙwabta da kakanni nake tambaya. Na samo 'yan fari ashirin da uku da ba su cikin littafin nan. Huɗu daga cikinsu har yanzu jini suke yi. Ina jin haushin al'adar nan, ina jin haushin Inna, amma kaina na fi jin haushi, don su kunya ta hana su, ni kuwa lalaci ne kawai.

Riskuwa ta biyo mu asibiti, amma kwana tara a baranda ta yi su. Ta dama kunu ta ba Baiwa ta shigar masa, in an fito da kwanon ta duba ko ya sha. Da ma'aikaciyar jinya ta tambaye ta mene ne haɗinta da majinyacin, cewa ta yi ɗan gidansu ne. Shekaranjiya da hantsi jikin ya tashi, ya fita hayyacinsa, muna ta kiransa ba ya amsawa. Sai ga ta ta shigo ba ko sallama, ta ture ni gefe, ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta kira shi Abdussamadu har sau uku da ƙarfi, duk ɗakin na ji. Ta ce masa ita ce, ita ta haihe shi, ya buɗe ido ya dube ta. Ya buɗe, Yaya. Da ya dawo daidai ya ce wa Baiwa shekararsa ashirin bai taɓa sanin yadda sunansa yake a bakin uwarsa ba. Ni fita na yi, don kuka ya ci ƙarfina.

Jiya da la'asar ya ce in matso kusa. Ka san shi ne mai karanta wa gida takardunka. Ya ce takarda bakwai ka aiko tun tafiyarka, a kowacce kana gaida kowa da sunansa, har Ɗankure mai gyaran jirgi, shi kuwa kullum yana cikin sauran yaran gida. Ya ce ya san ba ƙi ba ne, ya san tarun kamun kifin da ka aiko da Sallah don shi ka aiko, ko da ba ka faɗa ba. Amma ya ce, Baffa, in za ka rubuta masa, ka tambaye shi ko zai iya sau ɗaya.

To na tambaye ka. Abin da na fi so shi ne ka baro kifin nan ka taho, tafki ba inda zai je. Motar Malam Tamba za ta juyo ta iso nan ranar Talata ta sama, ka biyo ta. In kuwa wani abu ya tsare ka, ka zaunar da mai rubuta maka takarda, ka faɗi sunan da bakinka ya rubuta. Kada ka ce yaron nan, kada ka ce mai jinya. Layi ɗaya ma ya isa, ni zan karanta masa.

Inna Uwa tana gaishe ka, ta ce ka taho. Baiwa da mijinta, Sadatu, Ummaru da Hajaratu duk suna gaishe ka, haka ma matata Aminatu da yaranta. Riskuwa, wadda ba ta taɓa ba ni saƙo zuwa gare ka ba, ta ce in ce maka ita ta makara, kai kada ka makara. Ka gaida mutanenmu na Argungu da ke tare da kai. Abdussamadu yana gaishe ka. Na ce masa amsa na zuwa ranar Talata, ya ce zai yi ƙoƙari ya jira.

Wassalam. Ni ne ƙanenka,
Sahabi.