Agogon Azurfar Makiyayi

Swaledale, 3 ga Yuli, 1924

Zuwa ga matata Tabitha,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin 'yarmu da jaririn? Allah ya ƙara sauƙi.

Jiya a walimar gama askin tumaki, maigida Mista Thornber ya kira ni gaban jama'a ya miƙa mini agogon aljihu na azurfa. An zana wata kalma a cikin murfin, wai "meed". Kowa na tafi, ni kuwa gabana ne ya faɗi. Shekara arba'in da ɗaya ina masa kiwo, ko sannu bai taɓa ba ni kyauta ba. Ambrose maƙeri har da tsokana, wai tsoho, rana ta daina gaya maka lokaci ne? Kin tuna mai lambun da aka ba irinsa? Bai sake ganin hunturu a gidansa ba, sallamarsa aka yi. Namu gidan ma ai na aikin ne, ranar da aiki ya tafi ya tafi.

Mijinki,
Enoch

11 ga Yuli

Tabitha,

Ina fatan kuna lafiya. Na kai wa Fasto agogon. Ya ce kalmar ta kakanni ce, an daina faɗinta, ma'anarta lada, sakamakon wanda ya cancanta. Ko murfin bai buɗe ba ya ba ni amsa. To ina ya san abin da ke ciki? Na ce, Fasto, lada tsakiyar aiki ake bayarwa ko bayan an gama? Sai ya hau tambayata ko a ƙara mini shayi.

Ranar Talata kuma wakilin maigida ya zo yana auna tagogin kicin ɗinki, wai gyara. Shekara tara muna roƙon gyaran nan! Ruwa ba ya tsami banza. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Naki,
Enoch

20 ga Yuli

Tabitha,

Gaisuwa gare ku duka. Takardar sallama ta zo daga maigida. Za mu tashi kafin Nuwamba. Sabon makiyayin da zai maye gurbina, mijin 'yar ƙanwar Fasto ne, kuma shi Faston ne ya zaɓo kalmar, ashe.

Kada ki yi gaggawar dawowa, zan ɗaure kayan a hankali. Ki lallaɓa surukinmu ko zai ba mu ɗakin sama. Ki kuma tambaye shi ko zai yarda da tsohon karenmu a gidansa. In ya ƙi, kada ki rubuto mini, ki bari sai mun haɗu.

Mijinki har kullum,
Enoch Metcalfe